Zauren Tambaya da Amsa: An Ce An Buɗe Ta ga Duniya, Amma Ta Ƙi Buɗuwa a Katsina

Wasiƙun da suka fi yawa a akwatinmu na wannan fitowa sun zo ne daga Katsina da Daura da kewayensu, kuma kusan dukkansu a kan abu guda suke, wato manhajojin kallon fina-finai ta intanet da ake ta ƙaddamarwa a ƙasashen waje. Mun zaɓi guda biyar, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen waɗanda suka aiko kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko: Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Ɗana yana karatu a Alƙahira, kuma a can ya yi rajistar wata manhaja mai suna Disney+ wadda yake biyan kuɗinta duk wata. Da ya zo hutu ya so ya buɗe wa ƙannensa katun, sai ta rubuto masa cewa ba ta aiki a wannan ƙasa, alhali kuwa kuɗin da ya biya bai ƙare ba. Na sha jin ana cewa intanet ɗaya ce a duk duniya. To, me ya hana ta buɗuwa a nan, ko kuwa raini ne kawai ake yi mana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Gaskiyarka ce cewa intanet ɗaya ce, domin hanyar da ta kai hoton Alƙahira za ta iya kawo shi Ƙofar Ƙaura. Abin da ya tare ɗanka shi ne shingen ciniki, wanda kamfanin da kansa ya gitta, kuma yana gane inda mai kallo yake ne ta lambar adireshin da kamfanin sadarwa ke bai wa kowace waya idan ta hau intanet. Da manhajar ta ga lambar Nijeriya ce, sai ta rufe ƙofa.

Tarihin buɗe Disney+ kansa zai nuna maka yadda abin yake tafiya. An ƙaddamar da ita ranar 12 ga Nuwamba, 2019, a ƙasashe uku kacal: Amurka da Kanada da Holan. Bayan mako guda aka ƙara Ostireliya da New Zealand. Ingila da Jamus da Italiya da Sifen sai da suka jira har 24 ga Maris, 2020, Faransa kuma ta biyo baya a watan Afrilu. Indiya ta same ta a wannan watan na Afrilu ta hanyar Hotstar, wata manhaja da ta shigo hannun Disney a lokacin da ya sayi kamfanin Fox a 2019. Nahiyarmu ba ta ga ƙeyarta ba sai a 2022, inda aka buɗe ta a Afirka ta Kudu ranar 18 ga Mayu, sannan a Masar da Maroko da Aljeriya da Libiya da Tunisiya da ƙasashen Larabawa irin su Saudiyya ranar 8 ga Yuni. Nijeriya ba ta cikin wannan jerin, shi ya sa abin da ya yi wa ɗanka aiki a bakin Kogin Nilu ya ƙi yi masa a gida.

Babban dalilin wannan tafiyar hawainiya shi ne haƙƙin nunawa, kuma duk wanda ya san yadda ake cinikin fim a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano a zamanin faifai zai gane shi nan da nan. Mai shirya fim yakan sayar wa ɗan kasuwa izinin buga faifan, kuma daga ranar da ya karɓi kuɗi ba shi da bakin zuwa ya buga nasa ya baza a kasuwa, ko da yake fim ɗin nasa ne. Haka manyan kamfanonin Amurka suka shafe shekaru suna yi, sai dai su ƙasa-ƙasa suke yanka cinikin: wannan tashar ta karɓi Ingila na shekara kaza, waccan ta karɓi Afirka kudu da Sahara na shekara kaza. Da zamani ya juya suka so kowa ya buɗe shagonsa, sai suka tarar hajarsu tana hannun dillalai, kuma wa'adin bai cika ba. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na HBO Max, wadda aka buɗe a Amurka ranar 27 ga Mayu, 2020, ta shiga Sifen da ƙasashen arewacin Turai a Oktoban 2021, amma ta tsallake Ingila da Jamus da Italiya, domin a lokacin akwai yarjejeniya da tashar Sky wadda ba ta ƙare ba sai a ƙarshen 2025. Idan har mutumin Landan ya jira fiye da shekara biyar, to ka ga maganar ta wuce batun fari da baƙi.

Akwai kuma waɗanda suka buɗe wa duniya a rana ɗaya, kuma dalilinsu yana ƙara tabbatar da wannan bayani. Apple TV+ ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba, 2019, a ƙasashe fiye da 100 lokaci guda, saboda ta fara ne da 'yan shirye-shirye kaɗan waɗanda ita ta yi su da kuɗinta, ba ta taɓa sayar wa kowa haƙƙinsu ba. Netflix kuwa, wanda aka kafa a 1997, ya fara da aika faifai ta gidan waya kuma ya shiga nunawa ta intanet a 2007, ya shafe shekaru yana rarrafe daga Kanada a 2010 zuwa Kudancin Amurka zuwa Turai, kafin ranar 6 ga Janairu, 2016, shugabansa na lokacin Reed Hastings ya sanar a Las Vegas cewa an ƙara ƙasashe 130 a tashi ɗaya, har da Nijeriya. Duk da haka, waɗanda suka yi rajista a Afirka a wancan lokaci sun tarar da wasu shirye-shiryen da ke ɗauke da tambarin Netflix ba su cikin nasu jerin, domin an riga an sayar da haƙƙinsu ga tashoshin tauraron ɗan'adam na yankin.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, Baba, akwai lissafin riba a ciki, kuma a nan ne zarginka yake da ƙamshin gaskiya. Kamfani yakan duba mutum nawa ne ke da katin banki da zai iya cirar kuɗi duk wata, da ƙarfin kuɗin ƙasar, da tsadar data, kafin ya ɗauki nauyin buɗe ofis da biyan haraji da fassara. Naira ta faɗi ƙwarai bayan da aka sake ta ga kasuwa a Yunin 2023, kuma tun a 2022 bankuna da yawa suka rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka tsayar da shi gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka dawo da shi. Mai shago da ya ga irin wannan kasuwa yakan ce bari a ga abin da hali zai yi. Ni a ganina lissafin nasu gajere ne, domin ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba abar tsallakewa ba ce, amma lissafi ne na ɗan kasuwa. Shi kuwa ɗanka, rajistarsa tana nan, za ta ci gaba da aiki idan ya koma Masar, kuma idan hutun mai tsawo ne ya fi masa ya dakatar da biyan har ya koma.

Tambaya ta biyu: Malam, ni ɗalibi ne a Daura. Akwai wani a zauren WhatsApp ɗinmu da yake sayar da damar shiga waɗannan manhajoji da araha, har da waɗanda ba a buɗe a Nijeriya ba, ya ce VPN kawai za a kunna. Ko akwai matsala a ciki?

Amsa: Ƙanena, akwai, kuma matsala biyu ce ka haɗa a tambaya ɗaya. VPN dai hanya ce ta zagaye wadda ke bi da kai ta wata kwamfuta a wata ƙasa, sai manhajar ta ɗauka daga can kake, kuma 'yan Nijeriya da dama sun koye ta ne a lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Kamfanonin kallo sun san da ita sarai. Netflix ya sanar tun Janairun 2016 cewa zai riƙa toshe ta, kuma idan ya gane kana kanta yakan rage maka jerin zuwa shirye-shiryen da yake da haƙƙinsu a ko'ina. Sauran manhajojin sukan nemi katin banki ko lambar waya ta ƙasar da ka ce kana ciki, don haka ko ka tsallake shingen farko, na biyu yana jiranka. Ga shi kuma zagayen yana rage gudun intanet, a wurin da dama can gudun bai taka kara ya karya ba.

Maganar mai sayarwa ta fi damuna. Abin da irin waɗannan mutane suka saba yi shi ne su buɗe asusu guda su raba wa mutum biyar ko goma, wani lokaci ma asusun na wani ne aka sace kalmar sirrinsa. Tun Mayun 2023 Netflix ya tsananta dokar cewa asusu na mutanen gida ɗaya ne, wasu kamfanonin kuma suka bi sahu, saboda haka ranar da aka rufe asusun ba ka da wanda za ka kai wa kuka, tun da sunanka ba ya ko'ina a cinikin. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Abin da ya fi haɗari shi ne idan ya turo maka wata manhaja ya ce ka sanya a wayarka daga wajen rumbun Google ko na Apple, domin wayar da kake kallo da ita ita ce mai ɗauke da manhajar bankinka, kuma ta nan saƙon lambar sirri yake shigowa.

Tambaya ta uku: Ni ɗan kasuwa ne daga Mai'aduwa, ina yawan bi ta Kongolam zuwa Damagaram. Ina da Netflix, amma duk lokacin da na sa layin Nijar sai in ga fina-finan sun sauya, fassarar ma ta koma Faransanci. An yi mini kutse ne?

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka, babu wanda ya taɓa maka asusu. Jerin fina-finan yana bin ƙasar da intanet ɗinka ya fito ne, don haka da ka hau layin Nijar sai a nuna maka abin da kamfanin yake da izinin nunawa a Nijar, harsunan fassara kuma su karkata ga abin da aka fi amfani da shi a can. Wannan zai iya faruwa ko kana tsaye a gefen Nijeriya, muddin layin na can ne kuma turakunsu yake kamawa. Kuɗin wata ba ya sauyawa, yana nan a naira yadda ka yi rajista. Idan Turanci kake so, ka shiga saitin asusun ka zaɓe shi a matsayin harshenka.

Tambaya ta huɗu: Ni malamar makaranta ce a Daura, uwar 'ya'ya huɗu. Na ga kuɗin rajistar wata bai fi ƙarfina ba, amma wata abokiyar aikina ta ce data ce za ta cinye ni. Yaya lissafin yake, kuma yaya zan kare yara daga ganin abin da bai dace ba?

Amsa: Malama, abokiyar aikinki ta faɗa miki gaskiya, kuma wannan shi ne abin da tallan ƙaddamarwa ba ya taɓa ambata, domin a ƙasashen da ake tsara tallan yawancin gidaje suna da intanet na kebul mai shiga gida wanda ba a ƙirga shi da awo. Bisa ƙiyasin da Netflix da kansa ya bayar, kallon awa guda da matsakaicin hoto yana cin kusan giga 1, hoto mai kyau sosai yana kaiwa giga 3, mafi ƙoli kuma har giga 7. Ki ɗauka gidanki ana kallon awa biyu kowane dare. A wata kin yi awa 60, wato giga 60 da matsakaicin hoto, ko giga 180 idan kika bar shi a kan mai kyau. Sai ki tambayi mai sayar miki da data nawa ne giga 60 a yau, bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni a Janairun 2025, za ki ga kuɗin rajistar shi ne ƙaramin abu a cikin lissafin. Shi ma ɗin ba tsaye yake ba, domin a shekarar 2024 kaɗai Netflix ya ƙara farashi sau biyu a Nijeriya, inda tsari mafi tsada ya tashi daga naira 4,400 zuwa 5,000, sannan zuwa 7,000.

Akwai dabara, kuma ba ta da wuya. A saitin manhajar ta waya akwai wurin tsimin data, wanda idan kika kunna shi giga 1 zai iya kai ki kusan awa shida, ke nan awa 60 ɗin nan za ta dawo kusan giga 10, kuma a fuskar waya bambancin hoton ba ya damun ido. Sannan ki saba da sauke shirin tun da wuri maimakon kallonsa kai tsaye, musamman da dare lokacin da kamfanonin sadarwa ke sayar da data mai rahusa. Wannan yana da wani amfani da mu mutanen jihar nan muka fi kowa sani, domin ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, daga Satumba har zuwa Disamba, haka kuma ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta tangal-tangal a ƙasar baki ɗaya. Abin da ke cikin waya yana nan ko babu sabis, sai dai ki sani yana da wa'adi, kuma manhajar takan buƙaci a hau intanet lokaci-lokaci don ta tabbatar rajista ba ta ƙare ba.

Game da yara, manyan manhajojin duka suna ba da damar buɗe wa yaro sashensa daban, a ƙayyade shekaru, a kuma sa wa sashen manya lambar sirri. Ki yi hakan tun ranar farko. Amma ki riƙe a ranki cewa ma'aunin da suka yi amfani da shi wajen cewa abu ya dace da ɗan shekara bakwai ma'aunin al'adarsu ne, kuma abin da ke cikinsu bai bi ta hannun Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ba, saboda haka duk sabon shiri ki fara kallon kashi ɗaya ko biyu da kanki kafin ki sakar musu waya.

Tambaya ta biyar: Ranka ya daɗe, ni matashi ne a Katsina, ina shirya gajerun fina-finan Hausa tare da abokaina. Duk lokacin da na ji an buɗe sabuwar manhaja sai in ji kamar damarmu ce ta zo. Ta yaya ake kai musu fim?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Zan gaya maka abin da ya faru a 'yan shekarun nan, sai ka auna da kanka. Amazon ya buɗe Prime Video ga ƙasashe fiye da 200 a Disambar 2016, ya kuma ƙaddamar da tsari na musamman ga Nijeriya a Agustan 2022, ana biya da naira, tare da alkawarin zuba kuɗi a fina-finan gida. Masu shirya fim a Legas sun yi murna. Ba a cika shekara biyu ba, a Janairun 2024, kamfanin ya sanar da cewa ya daina ɗaukar nauyin sababbin shirye-shirye a Afirka kudu da Sahara, zai mayar da hankali Turai. Netflix ya ce ya zuba dala miliyan 175 a Afirka ta Kudu da Kenya da Nijeriya tsakanin 2016 da 2022, amma kason Nijeriya bai wuce kusan miliyan 23 ba, kuma mafi yawansa a Legas ya tsaya. Manhajar Showmax, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2015, an sake ƙaddamar da ita a Fabrairun 2024 ga ƙasashen Afirka 44 tare da haɗin gwiwar wani babban kamfanin Amurka, sai kuma ga shi a Satumbar 2025 uwar kamfanin nata, MultiChoice, ta koma hannun Canal+ na Faransa. Wanda ya ɗora rayuwar sana'arsa a kan shawarar da ake yankewa a irin waɗannan ofisoshi zai sha jira.

Ta fuskar hanya kuwa, manyan manhajojin ba sa karɓar fim daga hannun mutum kai tsaye. Sai ta hannun kamfanin rarrabawa da suke hulɗa da shi, kuma abin da ya fi kayar da fina-finanmu a wannan mataki takardu ne da sauti, kafin ma a zo ga kyamara. Za a tambaye ka yarjejeniya a rubuce da kowane ɗan wasa da marubuci, da shaidar cewa duk kiɗan da ke ciki naka ne ko ka biya mai shi, da fassarar Turanci mai tsabta a ƙasan hoto, da sautin da aka ware maganar 'yan wasa daban da kiɗa daban domin a iya ɗora wani harshe. Mu kuwa mun saba da cinikin baki da amana, kuma sau da yawa akan tsinci kiɗan fim ɗin Indiya ko na Turkiyya a lulluɓe a bayan fage, wanda shi kaɗai ya isa a mayar maka da aikinka.

Shi ya sa masu shirya fina-finan Hausa da yawa suka koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango, wasu kuma suke kai wa tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014. YouTube ba ya tambayar daga wace ƙasa kake kafin ka ɗora, mai kallo a Maraɗi ko Kumasi ko Jidda zai same ka a ranar da ka saki aikin, kuma idan tasharka ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu za ka iya neman shiga tsarin raba kuɗin talla, inda mai tasha yake samun kashi 55 cikin 100. Kuɗin tallan da ake biya a kan masu kallo na Nijeriya kaɗan ne idan aka gwada da na Turai, don haka kada ka yi tsammanin zai mayar maka da jarinka a watannin farko. Amma alƙaluman da tashar za ta tara maka, na yawan masu kallo da ƙasashen da suke da kuma minti nawa suke yi kafin su tashi, su ne abin da kamfanin rarrabawa zai fara neman gani ranar da ka je masa. Idan ranar ta zo aka miƙo maka takarda, ka nemi lauya ya karanta maka wurare uku kafin ka sa hannu: ƙasashen da izinin ya shafa, shekarun da zai ɗauka, da kuma ko an hana ka nuna fim ɗin a wani wuri a tsawon wannan lokaci.